Shekarar da Gashin Uwani Ya Yi Ja

Jiya da hantsi ana yayyafi, ina zaune a bakin ɗakin Umma, kan ƙanwata Uwani a tsakanin gwiwoyina, ina tsefe mata kitso. Wanda bai taɓa tsefe kan Uwani ba bai san wahalar duniya ba. Gashin yarinyar nan, in za ka shige shi da mataji, sai ka fara neman gafarar mutanen gida. Ina ja tana ihu, tana ihu ina ja, har kajinmu suka bar tsakar gida suka koma zaure. Bana ruwa ya sauka da wuri bai kuma ɗauke ba, masarar bayan gida ta kai ƙugun babba, ƙasa sai ƙamshi take kamar an yi mata turare. Ina cikin wannan kokawa da gashi na tuna shekarar da ruwa ya yaudare mu, shekarar da kan nan da nake fama da shi ya zama kamar gemun masara.

Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare, Uwani kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Garinmu ƙarami ne, yana gefen Tudun Wada in ka nufi Burumburum, kuma kowa a cikinsa manomi ne, har limaminmu. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, irin wanda yake sa tsofaffi su riƙa murmushi su kaɗai. Kowa ya fita shuka. Ni da Baba muka bi gona, yana sara ina jefa ƙwaya ina takewa da diddige. Masara ta tsiro, kore shar, layi-layi kamar 'yan makaranta a filin taro.

Daga nan sama ta rufe bakinta.

Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya a guje, mu jera bokitai da robobi a ƙarƙashin indararo. Sai ya yi tsawa sau biyu ya wuce Doguwa abinsa. Mu kwashe bokitanmu babu ko ɗigo, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Zafi kuwa, na rantse in ka ajiye ɗanyen ƙwai a kan kwanon ɗakinmu, kafin ka nemo gishiri ya soyu, sai dai babu ƙwan da za a gwada. Ganyen masara ya naɗe kamar tabarma. Da safe yakan ɗan buɗe, kafin azahar ya sake murɗewa, har ranar da ya daina buɗewa gaba ɗaya. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, mu yara aka sa mu gaba, muna amin da iyakar ƙarfinmu. Ni dai amin ɗina har Bebeji sai da aka ji shi. Muka dawo gida da gumi kawai.

Abinci bai ƙare ƙaf ba, kada in yi ƙarya. Akwai masarar bara a rumbu, ita ce kuma matsalar. Da safe kokon masara babu sukari. Da rana faten tsaki. Da yamma tuwon masara da miyar kuka wadda daddawa ta yi wa gaisuwa daga nesa ta wuce. Washegari a ɗumama sauran tuwon. Na ci masara a shekarar nan har na fara jin tsoron in yi atishawa gugguru ya zubo. Wake ya ƙare tun bazara. Gyaɗa ta ƙare. Wata cuta ta bi kajin unguwa ta share su, ta bar mana zakara ɗaya, shi ma ba ya cara sai ya ga dama. Fulanin rugar da ke bayan rafi sun yi kudu da shanu neman ciyawa, matar da take kawo mana nono ta daina zuwa. Zogalen tsakar gida kuwa mun tsige shi har ya koma kamar sandar makiyayi. Aikina a gidan shi ne ɗiban ruwa da asuba kafin rijiya ta koma laka, da surfe, da kai niƙa, da kuma surutu, wanda babu wanda ya ɗora mini amma na riƙe shi hannu bibbiyu.

A cikin wannan hali gashin Uwani ya fara canza launi. Da farko ya yi ƙasa-ƙasa, muka ce ƙura ce. Aka wanke, bai fita ba. Sai ya koma ja, ya yi laushi, ya kwanta.

Wanda ya fi kowa murna shi ne Kaka, mahaifin Babanmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke kiranta Uwani. Mahaifiyar tasa Bafulatana ce daga wajen Doguwa, ta rasu tun kafin a haifi Baba, kuma duk labarinta da Kaka yake ba mu sai ya ambaci gashinta: dogo ne, mai ja-ja in rana ta haske shi. Ranar da ya lura da kan Uwani sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ya ce, "Allahu Akbar. Ku zo ku ga uwata ta dawo."

Daga ranar ya riƙa ɗora ta a cinya a zaure, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa. "Ka ga jini? Ba ya ɓata." Su kuma su ce masha Allah. Ita kuwa Uwani tana zaune shiru, ba ta dariya, ba ta ƙwace hular Kaka kamar da. Muka ce ta yi hankali.

Yaya Sadiya ce ta ɓata bikin. Ita ce babbarmu, tana jami'a tana karanta ilimin sinadaran jikin ɗan Adam, ta dawo hutu da jaka ɗaya da littattafai masu nauyin turmi. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsuguna gaban Uwani, ta shafa kanta, ta duba tafin hannunta, ta dubi Umma.

"Umma, tun yaushe?"

Washegari suka goya ta suka tafi ƙaramin asibitin garinmu. Ma'aikaciyar ta auna damtsenta da wani ɗan tef mai launi, ta danna ƙafarta, ta ce tamowa ce ta fara kama ta. Ta ce ba ta kai a kwantar da ita ba, amma hanyar can ta nufa, kuma yara ba sa tafiya a hankali a wannan hanyar. Ta ba da magani, ta ce a riƙa dawo da ita awo, ta ce kuma lallai a haɗa mata kunu da wake ko gyaɗa ko waken suya, kullum.

A duk gidanmu wuri ɗaya ne kawai ake da waken suya: randar iri da ke ƙuryar ɗakin Kaka. An cakuɗa shi da toka, an liƙe bakin randar da laka. Dokar gidanmu tun kakan Kaka ita ce ba a fasa wannan laka sai ruwa ya kama ƙasa sosai, Kaka ya je gona da kansa ya tura hannu har wuyan hannu ya ji danshi. Kuma a shekarar nan, da masara ta mutu a tsaye, waken suyan nan shi ne kaɗai abin da ya rage mana mu shuka in Allah ya kawo ruwa.

To wa zai faɗa masa? Baba ya shiga ya zauna, ya yi gaisuwa, ya yi zancen rana, ya yi zancen hadari, ya kai bakin maganar. Kaka ya ce, "Iri ba abinci ba ne. Kuma uwata lafiyarta ƙalau, gadonta ta ɗauko." Baba ya ce, "Haka ne, Baba," ya fito yana share gumi. Umma suruka ce, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa gardama. Yaya Sadiya ta gwada, ta fara da Hausa, tsoro ya kama ta, ta zarce da Turanci. Kaka ya saurara har ta gama ya ce, "Likita, Allah ya ƙara ilimi. Ki miƙo mini buta."

Saura ni. Ni ce jikar da take ɓoye masa goro, take ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma ya ce mini Aku sarkin magana. Tsakanina da Kaka babu abin da ba a faɗa, wasan jika da kaka ne, babu mai hana ni. Abin da ba ni da shi kawai shi ne abin da zan faɗa.

Na sami Yaya Sadiya a inuwar rumbu na ce, "Ki koya mini abin da kika gaya masa, amma da harshen mutane."

Ta harare ni, sannan ta fizge gashi ɗaya daga goshina.

"Wayyo! Yaya, kisan kai!"

"Riƙe. Kin san da me aka yi shi?"

"Da man kitso da haƙuri."

Ta ce da furotin aka yi shi, furotin kuwa sarƙa ce ta wasu ƙananan abubuwa da ake kira amino asid, iri ashirin, an jera su kamar dutsen wuya a zare. Kowane ɗaya yana riƙe da na gabansa da na bayansa, riƙo mai ƙarfi. Amma a gashi sarƙar ba a miƙe take ba, naɗewa take yi tana hawa, yadda yaɗon wake yake hawa karan dawa. Wannan naɗin shi suke kira heliks.

Na ce, "To me yake hana shi warwarewa?"

Ta ce, "Yauwa, yau kin yi tambayar mutane." Ta buɗe littafi ta nuna mini hoto. A kowane zagaye akwai amino asid uku da rabi da ɗan ɗoriya. Saboda haka in sarƙar ta zagayo, na biyar yakan faɗo kusan daidai saman na ɗaya. To a nan sai su kama juna da wani ɗan riƙo mara ƙarfi. Na ɗaya ya kama na biyar, na biyu ya kama na shida, na uku na bakwai, haka har sama. Riƙo ɗaya ba komai ba ne, amma da yake kowa yana riƙe da nasa, sai naɗin ya tsaya ƙyam. Kowane amino asid kuma yana da wani ɗan reshe da yake leƙowa waje, kuma saboda zagayen, reshen na ɗaya ya fi kusa da na huɗu da na biyar fiye da na biyu, wanda ya juya wani gefen.

Na ce, "Wato maƙwabcinsa na jiki ya ba shi baya, sai wanda ke saman bene ne yake miƙo masa hannu."

"Kusan haka. Sai naɗi biyu su murɗe juna kamar igiya, igiyoyi su haɗu su yi kauri, har a sami wannan da na cire miki."

"Da kika sace mini."

Ta ce jiki yana iya ƙera wasu daga cikin ashirin ɗin da kansa, amma akwai waɗanda dole sai an ci su a abinci, kuma masara tana da ƙarancin biyu daga cikinsu. In ana jera sarƙa aka zo gurbin wanda babu, aiki ya tsaya. Jiki kuma ba wawa ba ne, ɗan abin da ya samu zuciya da hanta zai fara kai wa, gashi ya jira. Shi ya sa yake fitowa siriri, mara saiwar kirki. Launin ma daga abinci ake haɗa shi. Sannan ta ce, "Rabi, ba gashin ne damuwata ba. Shi ne dai abin da ake gani daga waje."

Wannan maganar ta hana ni wasa har na tsawon cin tuwo guda, wanda a wurina babban lokaci ne.

Abu ɗaya da muke da shi har ya yi mana yawa a shekarar nan shi ne totuwar masara. Na kwaso tuli, na yayyanka gajeru, na huda kowace da ƙusa mai zafi, na zura su a igiyar rama. Na ɗauko tsohuwar taɓaryar Umma na kafa a ƙasa, na naɗa sarƙar a jikinta tana hawa. Karo na farko na sa biyar a zagaye, Yaya Sadiya ta ce wannan ba heliks ba ne, rawanin mai unguwa ne. Na kwance na sake. Da ya daidaita, sai na tsaga kaba sirara na riƙa ɗaure ta ɗaya da ta biyar, ta biyu da ta shida, ina ƙirgawa da ƙarfi. Na soka wa kowace reshenta yana kallon waje: wata gashin zakara, wata murfin kwalba, wata tsinken tsintsiya. Biyu daga ciki na shafa musu bular wanki, su ne waɗanda masara take rowarsu. Da na gama muka zare taɓaryar a hankali. Abin ya ɗan karkace, ya yi rawa, amma ya tsaya da kansa. Na yi guɗa har zakaranmu ya firgita ya yi cara da rana tsaka.

Bayan la'asar na ɗauke shi a faifai na nufi zaure. Kaka yana kan buzunsa, Uwani a cinyarsa. Yaya Sadiya ta laɓe a bayan ƙofa, Umma kuma ta sami wani aikin shara da ba ya ƙarewa a kusa da wurin.

"Salamu alaikum, tsoho mai ran ƙarfe."

"Wa alaikumus salam, Aku. Wannan kuma wace tsiya ce? Tsafi kika fara?"

"Gashinka ne, Kaka. Da yake naka ya gudu ya bar ka, na ce bari in ƙera maka wani."

Ya shafa sanƙonsa ya ce, "Ja'ira. Ajiye mu gani."

Na ajiye na shiga bayani. Na yi na ɗaya da na biyar, na yi uku da rabi, na yi reshe. Na ƙara da abubuwan da Yaya Sadiya ba ta faɗa ba, har da cewa in aka warware naɗin da ke kan mutum ɗaya zai kai Makka ya dawo, na ji ta yi tari a bayan ƙofa. Kaka ya sunkuyo yana bin kabar da yatsa. Shi mutum ne da ya yi shekaru yana tufka igiya, saboda haka wurin ɗaurin ya fi tsayawa.

"Wannan ba ta kama ta kusa da ita ba."

"Ta kama ta da igiya. Amma kabar, sai ta huɗu a gabanta."

"Duka haka?"

"Duka, har sama."

"Hm. Wanda ya yi wannan ya iya ɗauri."

"Allah ne, Kaka."

"Na sani, mara kunya. Ke nake gwadawa."

Ina shirin kawo zancen masu bula, sai na juya in ɗauko ruwa in jiƙa maƙogwaro. Akuyarmu, wadda rabonta da ɗanyen ganye tun ruwan farko, ta shigo zauren kamar an aiko ta. Kafin in juyo ta kama kabar tana zara ɗaya bayan ɗaya. Na yi kanta da faifai, ta yi waje da guntun kaba a baki. Igiyar ramar ba ta tsinke ba, totuwa duk suna jere, amma naɗin ya sulale ya zube a ƙasa kamar macijin da aka buga wa sanda.

Kaka ya yi dariya har da hawaye, har da riƙe ciki. "Ga ilimin boko a cikin akuya! Gobe sai ta fara Turanci!"

Na ji kamar in nutse. Aikin yini guda, ga kumfar bakin akuya a jiki. Amma da na ga yana dariya, Uwani kuwa a cinyarsa ko motsi ba ta yi ba, ko akuyar ba ta kalla ba, sai wani abu ya taso mini. Na cire ɗankwali na durƙusa na miƙa masa kaina.

"Kaka, ja gashina."

"Ke, tafi can."

"Ja mana. Ko ƙarfin ya ƙare?"

Ya kama 'yan silin gashi a ƙeyata ya ja. Na ƙwalla ƙarar da sai da Umma ta yar da tsintsiya. Rabin ƙarar ƙari ne, amma rabi gaskiya ce, tsohon nan yana da hannu. Ko ɗaya bai fita ba.

Na ce, "To taɓa na uwarka. Kada ka ja. Shafa kawai."

Ya dube ni, dariyar tana raguwa. Ya ɗora hannu a kan Uwani, ya shafa daga goshi zuwa ƙeya, yadda yake yi kullum, sai dai wannan karon ya ɗan haɗa yatsunsa. Da ya ɗago hannun, ga jan gashi cike da tsakanin yatsunsa. Uwani ba ta yi kuka ba. Ba ta ma san an yi ba.

Kaka ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

A hankali ya ce, "Uwata, mata biyu suke yi mata kitso. Mataji nawa ta karya." Ya sake duban gashin. "Wannan ba nata ba ne."

Ban ce komai ba. A rubuta wannan a tarihi, domin bai taɓa faruwa ba kuma bai sake ba.

Ya miƙa ƙafa ya jawo sarƙar totuwar, ya laluba har ya kai kan masu bula. "Waɗannan fa, da kika yi musu kwalliya?"

"Su ne babu sosai a masara."

"Ina suke?"

Na nuna ƙofar ɗakinsa da baki.

Ya ɗaga murya ya ce, "Likita, fito daga bayan ƙofar nan, ina ganin ƙafarki. Gaskiya Aku ta faɗa, ko irin nata ne?"

Yaya Sadiya ta fito tana murza mayafi. "Gaskiya ne, Kaka. Ban da zancen Makka."

Bai fasa randar a ranar ba. Da safe ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi gona. Ƙasa ta tsattsage, busasshiyar masara tana ƙara a ƙarƙashin takalmanmu. Ya tsuguna ya tura yatsa, ko gaɓa ɗaya bai shiga ba. Ya dubi sama, fara tas. Sai ya taka daga bakin iyaka ta gabas, ya ƙirga kunyoyi a ransa, ya tsaya, ya kafa sandar.

"Daga nan zuwa can, bana babu shuka. Uwata za ta cinye shi."

Muka dawo ya sa Baba ya fito da randar tsakar gida. Ya yi bismilla ya buga lakar da ƙotar fartanya, ga rana tsaka, ga ƙasa busasshiya, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Baba ya kau da kai. Kaka ya ɗebi rabon kunyoyin nan ya zuba wa Umma a ƙwarya, ya sake kwaɓa laka ya liƙe sauran.

Ni aka ba aikin. In wanke tokar, in shanya, in soya a tukunyar ƙasa har ya yi ƙamshi, in ɓarza, in sheƙe, in haɗa da masara in kai niƙa. Ƙamshin soyayyen waken suya a gidan da ya manta da ƙamshi, ba zan iya kwatanta shi ba. Yaran maƙwabta suka riƙa leƙe ta katanga. Ni kaina Umma sai da ta sa ni in riƙa waƙa ina suya, don ta tabbata bakina ba a cike yake ba. Da farko Uwani ta ƙi kunun, tana kau da kai. Kaka ya karɓi ludayin da kansa, yana ce mata, "Haba Inna, gonata fa kike tofarwa." A hankali ta fara sha. Daga baya ta fara kuka in an makara, kuma ban taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba.

Ruwa ya zo bayan mun gama fid da rai. Wata azahar hadari ya haɗo kamar kullum, ko bokiti ba mu fitar ba saboda fushi. Sai muka ji ɗigo a kwano kamar ana jifa da tsakuwa, sannan sama ta ɓalle. Na fita tsakar gida na yi rawar da har yau ake ba da labarinta a unguwa. Kaka ya je gona ya tura hannu har wuyan hannu. Aka yi gayya, maza suna huɗa, mu muna bi da iri, laka har gwiwa. Irin ya ƙare daidai inda sandar take.

Duk daminar nan gonarmu tana kore, sai gefen gabas da ya zauna fili, ciyawa kawai. Masu wucewa suna tambaya, "Malam, nan fa? Mantuwa aka yi?" Ya ce, "An shuka. A gida ya tsiro." Abin da muka girbe bai kai na kowace shekara ba, kuma mun ji a jikinmu har wata kakar. Ban taɓa jin ya yi zancen ba.

Wajen lokacin da wake ya fara fure, ina yi wa Uwani wanka na ga wani abu a gindin gashinta. Na ɗauke ta da kumfa da komai na ruga zaure. Kaka ya sa tabarau, ya buɗa gashin da yatsa. A ƙasa, daf da fata, baƙi ne sitik, jan yana sama kamar an ɗora masa hula. Ya daɗe yana kallo. Uwani ta miƙa hannu ta fizge hularsa ta jefar.

Ya ce, "To. Uwata ta sake tafiya." Ya ɗauko hular ya kakkaɓe. "Gara haka. Wannan ta zauna."

Jan ya riƙa matsawa baki-baki yana tafiya, har ranar da Umma ta sa almakashi ta datse shi.

Yanzu Uwani tana aji ɗaya na firamare, ni kuma ina shirin jarrabawar fita sakandare. Da malaminmu ya zana heliks a allo bana, ya ce wa ya san wanne yake kama wanne, hannuna sai da ya kusa taɓa silin. Yaya Sadiya tana Kano tana aiki. Akuyar tana nan, ba ta fara Turanci ba.

Jiya dai, ina cikin tunanin nan, na cusa matajin a tsakiyar kan Uwani na ja da ƙarfi. Sai ji na yi ƙas! Rabin matajin a hannuna, rabi ya maƙale a ciki ya ɓace. Umma ta leƙo tana salati, wai na uku ke nan bana. Kaka yana bakin zaure yana kallon ruwa, ya juyo.

"Me ya karye?"

Na ɗaga masa guntun.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Aku, kawo mini ita nan. Yanzu ne ta ɗauko uwata."